Shinkafar Zaituna

Nu'uman ya fara ganin Zaituna ne ranar da injin kwafinsa ya haɗiye mata takarda.

Shagonsa yana bakin titi kusa da Ƙofar Ruwa, tsakanin mai sayar da fenti da mai gyaran janareta. Yana da digiri a fannin tattalin arziki, ya manne shi da leda ya rataye a bango, don masu shigowa su ga irin aikin da injin mannewarsa yake yi. Wannan ne kaɗai aikin da digirin ya taɓa samu.

Ta shigo da farin hijabin ma'aikatan jinya, ta miƙa masa takarda, ta ce kwafi uku take so. Injin ya karɓa, ya yi gurnani, ya riƙe.

"Malam, takardar shiga makarantata ce fa."

"Kwantar da hankalinki, Hajiya. Karantawa yake yi. Shi ma yana son ilimi."

Ba ta yi dariya ba. Ya buɗe cikin injin, ya zaro takardar a hankali, ya shafe ta da tafin hannu, sannan kamar kowane mai shagon kwafi ya karanta abin da bai shafe shi ba. An ɗauke ta karatun digiri na biyu. Idonsa ya tsaya a kan kalma ɗaya.

"Faliyatif?" Ya ɗago kai. "Ikon Allah. Yanzu har digiri ake yi a kan rabon shinkafa?"

Ba laifinsa ba ne duka. Tun zamanin kullen korona, aka zo kuma aka cire tallafin mai, babu ɗan Kanon da bai haddace kalmar nan ba, kuma ma'ana ɗaya muka san mata: buhun shinkafar da ake jin labarinsa a rediyo, ake ganinsa a gidan wani.

"Ba shinkafa ba ce," in ji ta. "Kula da marasa lafiyar da ciwonsu ba ya warkewa ne. A rage musu zafi, a zauna da su da iyalinsu, har lokacin da Allah ya yi."

"Wato ku ake kira idan likita ya gaji."

"Mu muke saura idan 'yan dubiya sun tashi."

Ya yi mata kwafin, ya ce na ukun bai fito sosai ba, ta bar lambarta zai kira ta idan ya sake wani. Na ukun ya fito tas. Ta dubi takardar, ta dube shi, ta ba shi lambar.

Karatun nata rabi a waya yake, rabi a ƙafa. Da yamma bayan ta tashi daga asibiti tana sauraron malamai ta intanet, wasu daga Ibadan, wasu daga ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Ranar Asabar kuma su bi gidajen marasa lafiya da tawagarsu. Duk abin da aka ba su su karanta, shagon Nu'uman yake zuwa a buga. Shi kuma yana bugawa yana karantawa, har ya wayi gari ya san sunayen magungunan da bai iya furtawa ba.

Ya fara tura mata saƙo.

"Malamar Sauƙi, babi na ɗaya ya fito. Akwai wata kalma a shafi na uku da ta fi layin gidan mai tsawo. Na bar miki ita yadda na same ta."

"Na gode, Mai Shago. Ka daina karanta min takardu."

"Ba ni ba ne. Injin ne yake ba ni labari."

Daga saƙo aka koma zance. Gidansu Zaituna yana Dala, a wani lungun da idan ka ɗaga kai dutsen ne yake leƙo ka. A zauren mahaifinta, Malam Jibril, tsohon hedimasta, ta gaya masa abin da za ta rubuta kundinta a kai.

"A littafin Turawa an ce ka tambayi mara lafiya: daga ɗaya zuwa goma, nawa ne zafin? Na gwada a ɗakin mata. Wata tsohuwa ta ce min ita ba ciniki ta zo ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Mu kuwa tambaya ɗaya gare mu, amsa ɗaya," ta ci gaba. "Yaya jiki? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amin. An rufe. Mutum yana murƙususu zai ce maka da sauƙi. Ka san ba haka ba ne, ya san ka sani, sai ku rabu kowa ya yi ladabi."

"To me zai ce? Da wuya? Ai sai a ce ba shi da tawakkali."

"Shi nake nema. Yadda mutum zai faɗi inda yake masa ciwo, bai zubar da mutuncinsa ba."

"Ni ga inda yake min ciwo," in ji shi, ya dafa ƙirji.

"Kai naka da sauƙi."

Malam Jibril ya sa aka bincika, aka ce yaron ba ya shaye-shaye, ba ya siyasa, yana sallar asuba a masallaci idan ya farka. Ya ce ya turo magabatansa, da sharaɗi ɗaya: ba ɗaurin aure sai Zaituna ta kare kundinta a gaban malamai. Ya ga karatun mata da yawa da aka ce za a ƙarasa a ɗakin miji.

Saura ɓangaren Nu'uman. A takarda, magabacinsa Baffa Ilu ne, ƙanin mahaifinsa. A zahiri kuwa, ko akuya ba a saya a gidan sai Gwaggo 'Yardada ta ga haƙoranta. Ita ce yayar mahaifinsa, ita ta goye shi bayan rasuwar iyayensa, da kuɗin fura da nono ta kai shi har jami'a. Bafillatana ce ta gidan jiya, irin waɗanda ake cewa sun haihu maƙwabta ba su ji tari ba.

Shekara biyu ke nan tana fama da ciwon daji. An yi aiki, an yi ƙarin ruwan da yake zubar da gashi, ciwon ya bar inda yake ya shiga ƙashi. A gidan ba wanda yake kiran sunansa. Sanyi ake cewa.

Ya same ta a jingine da filo, ya durƙusa, ya yi bayani.

"'Yar gidan wa?"

Ya faɗa.

"Me take yi?"

"Nas ce, Gwaggo. Tana ƙarin karatu kuma."

"Karatun me?"

Ya dubi wuyanta da ya zama kamar sillen kara. Ya dubi kwalaben rubutu da na asibiti da suka cika bakin gado. Hausar abin tana bakinsa. Sai ya zaɓi Turancin.

"Faliyatif."

Inna Dije, matar Baffa Ilu, wadda ta zo wucewa ta bakin ƙofa tun ɗazu ba ta gama wucewa ba, ta leƙo.

"Faliyatif? Na gwamnati? Ita ce take rabawa?"

Nan ne ya kamata ya yi magana. Ya sosa kunne.

Inna Dije ta rangaɗa guɗa. Kafin la'asar labari ya gama lungun: Nu'uman ya samo matar da buhunan shinkafa suke bi ta hannunta, har digiri gare ta a kai. Matan da rabonsu da amsa gaisuwarsa tun yana sakandare suka fara tambayarsa ya gajiya. Mai unguwa ya tsayar da shi ya ce dama tun yana yaro ya ga alamar arziki a goshinsa. Kullum yana cewa gobe zai gyara maganar. Goben ta yi ta haihuwar 'ya'ya.

Inna Dije ce ta kasa haƙuri. Wata Talata ta naɗe buhu a ƙarƙashin hijabi, ta hau adaidaita, ta tafi Dala ganin amarya. Aka karɓe ta da lemo da cincin. Bayan an gaisa ta matso kusa, ta rage murya, ta ce ita ba mai kwaɗayi ba ce, amma idan rabon gaba ya zo a tuna gidan miji.

Zaituna ta yi mata bayani da Hausa, tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba.

Inna Dije ta dawo ko lemon ba ta ƙarasa ba. A tsakar gida ta warware hijabi, buhun ya faɗo.

"Wace shinkafa! Masu mutuwa take jira! Duk gidan da ta shiga sai an fitar da makara. Karatunta ke nan, da bakinta ta faɗa min."

Gwaggo ta ji daga ɗaki. Ta sa aka kira Nu'uman. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙatar haka ba.

"Ashe ka gaji da ni. Ka je ka nemo mai raka ni, kuka haɗa baki kuka ce shinkafa."

"Gwaggo, wallahi…"

"Yarinyar nan ba za ta taka gidan nan ba sai bayan raina. Ba nisa. Ku yi haƙuri kaɗan."

Ta juya fuska bango.

Saƙon Zaituna ya iske shi kafin ya isa shago.

"Nu'uman, Inna Dije ta zo da buhu. Kunyar aikina ka ji, ko tsoron Gwaggo? Ko wanne ne, ka huta. Zan kai kundina wani shagon."

"Malamar Sauƙi, ban yi ƙarya ba. Shiru kawai na yi."

"Na sani. A kan irin wannan shirun nake rubuta kundi."

Daga nan ba ta sake zuwa ba. Injin kwafin ya daina haɗiye takarda, kamar shi ma ya daina sha'awar ilimi.

Wata Asabar yana cikin adaidaita a cunkoson Ƙofar Nassarawa, ya hango ta a gaban wata mota mai sanyi, tana dariya. Mai tuƙin ya san shi a bakinta: Dakta Mikail, ɗan ajinsu, likitan tawagar, ba aure, ga gemu a gyare. A bayan motar akwai wasu ma'aikata biyu da akwatin magani, amma kishi ba ya duba kujerar baya.

Ya rubuta saƙo mai tsawo ya goge. Ya rubuta gajere.

"Yaya kike?"

"Da sauƙi."

Da wani ne, da ya ji daɗi. Shi kuwa ya buga babi na biyu, ya san abin da ake nufi.

A gida, Gwaggo ta daina fitowa tsakar gida. Ta daina zama, a kwance take salla. 'Yan dubiya suna shiga suna fita. Yaya jiki? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Aka koma asibiti, wani likita mai sauri ya duba hotuna, ya ce su je gida su ci gaba da addu'a, kamar dama sun dakata.

Wata safiya Nu'uman ya shiga da koko, ya ga bakin zaninta a jiƙe, duk shatin haƙori. Ya tsaya da kwanon a hannu. Ya taɓa karanta wannan a takardun da aka ce ya daina karantawa: tsoffin da ba sa kuka, a duba abin da suke cizo.

Ya fita zaure ya rubuta.

"Ba maganata na zo da ita ba. Gwaggo ta daina cin abinci. Tana cizon zaninta idan ta zaci ba mai kallo. Asibiti sun sallame mu. Ta ce ba za ki shigo gidan ba sai bayan ranta. Wannan karon na faɗa miki duka."

Amsar ba ta daɗe ba.

"Bayan ranta ba ni da abin da zan yi mata. Za mu iya zuwa Asabar, ni da likita. Ka gaya mata su wa za su zo, da aikinmu, da Hausa. Idan ta ce a'a, ba za mu zo ba."

Ya koma ɗakin, ya durƙusa inda ya durƙusa a baya.

"Gwaggo, maganar shinkafa ni ne. Ita ba ta ma san an yi ba sai da Inna ta je. Aikinta rage wa mutum zafin ciwon da ba ya warkewa ne. Na ji tsoron faɗa miki, don kada ki ce na ce ba za ki warke ba."

Gwaggo ta juyo ta dube shi.

"Na ga kana sosa kunne ranar," in ji ta. "Tun kana goye haka kake yi." Ta numfasa. "Ta zo in gan ta. Mutum ya san fuskar abin da ya hana."

Ranar Asabar motar Dakta Mikail ta kasa shiga lungun, don waɗanda suka gina shi jaki suka auna. Dole aka ajiye ta a titi, kuma dole wani ya ɗauko jakar likita. Haka Nu'uman ya shigo unguwarsu yana bin abokin takararsa a baya da kaya a hannu, matan lungu suna leƙe ta katanga don ganin mai farar ƙafa.

Gwaggo ta ce namiji ya tsaya a zaure tukuna. Dakta ya zauna yana duba takardun asibiti, Nu'uman yana duba Dakta. Zaituna ta cire takalmi ta shiga ita kaɗai, ta zauna a ƙasa a kan tabarma.

"Gwaggo, ina kwana. Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

Zaituna ba ta ce Allah ya ƙara sauƙi ba. Ta yi shiru, ta bar ƙofar maganar a buɗe. Gwaggo ta jira a rufe, ba a rufe ba. Ta juyo ta kalle ta sosai.

"Ba a koya muku ƙarasa gaisuwa ba a makarantar taku?"

"An koya mana. Zan ƙarasa kafin in tafi. Gwaggo, ba zan tambaye ki ko yana ciwo ba. Me ya karɓe miki? Abin da kike yi da, yanzu ya hana ki."

"Ba abin da ya karɓe. Komai na Allah ne."

"Haka ne. Yaushe rabon goshinki da ƙasa?"

Tsohuwar ta kalli buzun sallarta da yake naɗe a kan akwati, ƙura ta fara hawa. Mace ba za ta ce tana jin zafi ba, wannan raki ne. Amma ta faɗi yaushe rabonta da sujada, wannan labari ne kawai.

"Tun kafin azumi."

"Idan kin gwada sunkuyawa, ina ne yake fara tsayar da ke?"

Gwaggo ta ɗauki hannun Zaituna, hannun da ta ce ba zai shigo gidan ba, ta ɗora shi a ƙugunta, sannan a tsakiyar bayanta.

"Nan kamar ana soka allura mai zafi. Nan kuma kamar kare ya kama ya ƙi saki. Da rana yana gyangyaɗi. Ba ya barci."

Aka kira Dakta ya shigo, ya duba, ya yi tambayoyinsa. Ya ce za a fara ba ta mofin na ruwa, maganin kashe zafi mai ƙarfi, kaɗan, a kan lokaci, ba sai ciwon ya taso ba, da wani maganin don kada ciki ya ɗaure. Inna Dije daga bakin ƙofa, inda take wucewa, ta ce ta ji an ce shi ne maganin da yake ƙarasa mutum.

"Inna, idan likita ya auna shi ba ya ƙarasa kowa," in ji Zaituna. "Kwana na Allah ne. Mu kare kawai za mu sa ya saki."

Da za ta fita ta durƙusa a bakin gado.

"Allah ya ƙara sauƙi, Gwaggo."

"Yanzu kika yi hankali."

Kwanakin farko barci ta yi ta yi, har Inna Dije ta fara kallon Nu'uman da idon na faɗa muku. Zaituna tana kira safe da yamma, a wayar Inna Dije, ba a ta Nu'uman ba, Dakta yana gyara awon maganin. Sai wata hantsi aka ji murya daga tsakar gida tana tambayar wace ƙazamar ce ta bar ƙwaryar nono a buɗe, kuma wa ya ce a matsar da turmi daga inda yake tun zamanin mahaifinta. Gwaggo ce a kan kujera 'yar tsugunno, tana nuna mutane da ludayi. Baffa Ilu ya ji ana zaginsa a kan ramin kwata da bai gyara ba, ya koma zaure ya share hawaye.

Asabar ta gaba Zaituna ta tarar da buzun a shimfiɗe. Sujadar ba ta cika ba, sai an tara filo, amma goshi ya samu abin taɓawa.

Gwaggo ta sa aka sakaya ƙofa.

"Ke. Zan tashi?"

"Me kike ji a jikinki, Gwaggo?"

"Kada ki yi min wayon makaranta. Na tambaye ki."

Zaituna ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago.

"Ciwon ba zai warke ba. Zafin ne muke iyawa, kuma za mu ci gaba da iyawa. Lokaci kuma ban sani ba, likita ma bai sani ba. Amma idan akwai abin da kike so ki gani, kada a ajiye shi sai baɗi."

Gwaggo ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin gero.

"Shekara biyu gidan nan kowa yana min ƙarya, ni ma ina musu. Gajiya gare shi." Ta gyara filo. "Kira min mai sosa kunnen nan, da Ilu."

Suka shigo suka durƙusa. Zaituna ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

"Na ce yarinyar nan ba za ta shigo ba sai bayan raina. Ta shigo, ga ni. Maganar ta faɗi. Ilu, ka je wajen ubanta. A ɗaura ina da kunnen jin guɗa."

"Yaya, sun ce sai ta gama karatu."

"Ka gaya masa ni ma ina da jarrabawa a gabana, kuma tawa ba a ɗagawa."

Malam Jibril ya saurari Baffa Ilu har ƙarshe. Ya ce shi hedimasta ne, bai saba janye doka ba, amma ya san uzuri idan ya gan shi. Ya amince, in dai 'yarsa ta amince, kuma in dai kundin zai fito.

Zaituna kuwa da kanta ta zo shagon, da babi na huɗu a hannu.

"Wancan shagon suna cinye min wasulla," in ji ta.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya sa a injin. Injin, don ya nuna shi ma yana da zuciya, ya haɗiye shafin farko.

"Zaituna, na yi kuskure."

"Ka yi."

"Dakta fa?"

"Ya nemi aurena. Na ce zan yi tunani."

"Kin yi?"

"Na yi. Mutumin kirki ne, ga mota. Amma da shi ne ya shiga da koko, fayil zai duba, ba bakin zani ba." Ta zauna a kan bencin abokan ciniki. "Sharaɗina ɗaya, Mai Shago. A gidanmu, idan na tambaye ka yaya kake, ka faɗa min."

"To tambaye ni."

"Yaya kake?"

"Tun ranar buhun nan ban ci abinci ya zauna ba. Ina ganin mota mai sanyi sai kishi ya kama ni."

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji ta, ta yi dariyar da ya hango a Ƙofar Nassarawa, wannan karon a kusa.

An ɗaura auren wata Asabar da hantsi a masallacin da yake gindin Dala. Dakta Mikail ya zo, ya yi addu'a, ya ci alawa, ya tafi duba mara lafiya. Kundin saura babi ɗaya, ango ya yi alkawari a gaban surukinsa cewa shi zai buga shi, kuma ba zai karanta ba. Ba wanda ya yarda da rabi na biyun.

Gwaggo ta ce ba za a yi dafa-dukan 'yan kwangila a bikin ɗanta ba. Daga kan kujerarta ta ba da umarni, aka girka manyan tukwane a lungu, aka dafa shinkafa har da ta maƙwabtan maƙwabta. Matan da suka leƙo ta katanga suka fito da kwanuka suka yi layi. Inna Dije ce a bakin tukunya da mara a hannu.

"Ku matso, ku matso! Faliyatif ɗin Zaituna ya iso!"

Da yamma aka kawo amarya ɗakin Gwaggo a lulluɓe, aka durƙusar da ita kusa da ango. Ɗakin ya cika da mata da turare. Tsohuwar tana zaune a bakin gado da sabon zani, an ɗaura mata kallabi, an ba ta maganinta a kan lokaci.

Daga ƙarƙashin mayafi, a hankali, amarya ta ce, "Gwaggo, yaya jiki?"

Matan ɗakin suka buɗe baki za su taya ta amsa yadda aka saba.

"Ƙugun yana ɗan ja tun azahar," in ji Gwaggo. "Karen baya yana barci. Gobe ki gaya wa likitanku." Ta ɗora hannu ɗaya a kan amarya, ɗaya a kan ango. "Sauran kuwa da sauƙi. Yau da gaske nake."

Ta ja numfashi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku masu jin ƙanku. Ya sa ku tsufa tare, kuma ranar da ɗayanku ya kwanta, ɗayan ya iya tambaya. Kai kuma, sauke hannun nan daga kunnenka."

"Ƙaiƙayi ne kawai, Gwaggo."

"Amin za ka ce."

"Amin," in ji shi, ɗakin duka ya amsa, Inna Dije ta saki guɗar da ta ɓata a kan shinkafa a baya, wannan karon a inda ya dace.